Oberammergau: ƙauyen da bakancen 1633 yake juyawa har yau

A ranar 6 ga Maris na 2019 aka liƙa wata sanarwa a wani ƙauye da ke kudancin Jamus: daga yau, duk mai niyyar fitowa a wasan baɗi kada almakashi ya ƙara taɓa kansa, maza kuma su saki gemu. Hukumar ƙauyen ce ta fitar da ita, da yawun magajin gari da daraktan wasan, limamin coci bai sa baki ba. Kuma an bi ta. Kafin shekara ta zagayo, direban bas da malamin makaranta da mai gidan burodi duk gashi ya sauko musu kafaɗa.

Sunan ƙauyen Oberammergau. Yana jihar Bavariya, a gindin tsaunukan Alps, a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Ammer, tafiyar kusan awa biyu daga Munich a jirgin ƙasa, da canjin jirgi a Murnau. Mutanensa dubu biyar ne da 'yan ɗaruruwa. Sau ɗaya a shekara goma, kimanin dubu biyu daga cikinsu sukan hau dandamali su kwaikwayi kwanakin ƙarshe na Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, bisa yadda littattafan Kirista suka kawo labarin, tun daga shigarsa Urushalima har gicciye da tashi daga matattu, kamar yadda aƙidarsu take. A 2022 mutum kusan 412,000 suka zo kallo.

Mai hange daga nesa zai ɗauka sha'anin coci ne. Amma wasan mallakar hukumar ƙauye ne. Majalisar gari ke naɗa darakta, ita ke cin bashi, ita ke kwasar riba, kuma a kan wannan wasa ne ake yanke hukuncin wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Wanda ya gane wannan zai gane yawancin rigingimun da ƙauyen ya sha.

Abin da ake nufi da ƙauyen coci

Hukumomin Bavariya suna da ma'aunin sanya wa matsuguni suna. Gida ɗaya ko biyu a keɓe, Einöde ke nan. Daga uku zuwa tara, Weiler. Daga goma zuwa sama ya zama Dorf, wato ƙauye. In akwai cocin da ake ibada a cikinsa a kai a kai, sai a ce Kirchdorf, ƙauyen coci; in kuma nan ne mazaunin limamin da ke riƙe da yankin, Pfarrdorf. Oberammergau yana wannan mataki na ƙarshe. Bambancin ya yi kama da na garin da ke da masallacin Juma'a da rugagen da ke zuwa masa salla.

A da, wannan matsayi ba na ado ba ne. Kafin 1876, lokacin da gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a faɗin Jamus, littafin limamin coci ne shaidar cewa an haifi mutum ko ya rasu. Maƙabarta tana kewaye da cocin. Ƙararrawarsa ce agogon gari, ita ce kuma gangamin gobara. Babban bikin shekara shi ne na tunawa da ranar da aka keɓe cocin, kuma duk ɗan garin da ya tafi cirani yakan yi ƙoƙarin dawowa gida a ranar. Cocin da ke tsaye yanzu, mai sunan Bitrus da Bulus, da hasumiyarsa mai kai kamar albasa, an gina shi ne tsakanin 1736 da 1742. Joseph Schmuzer ne maginin, Matthäus Günther ya yi zanen rufin ciki.

Ƙauyen yana kan tudu mai tsayin mita ɗari takwas da wani abu daga doron teku. Sanyi yana daɗewa, hatsi ba ya yin kirki, sai ciyawa da shanu. Abin da ya rufa wa mutane asiri tun farko shi ne hanyar fatake daga Venis ta ƙasar Italiya zuwa Augsburg. A 1330 Sarki Ludwig na Bavariya, wanda ke riƙe da sarautar daular Jamusawa a lokacin, ya kafa gidan ruhubanawa na Ettal, 'yan kilomita kaɗan daga nan, sannan a 1332 ya ba Oberammergau iznin zama zango: kaya su sauka a nan, kuma 'yan garin ne za su ɗauke su da kekunan dokinsu zuwa zango na gaba. Sana'a ta biyu sassaƙa ce, ta gicciye da siffofin waliyyan Kirista da kayan wasan yara, aikin da ake yi a ɗaka lokacin da ƙanƙara ta rufe gona. 'Yan koli su goya kayan a wani katakon goyo su bi Turai da ƙafa. Garin da ya ƙware a sassaƙa fuskar Yesu da fenti da tallata haja a ƙasashen waje, ai ya riga ya mallaki rabin kayan aikin wasan kwaikwayo.

Annoba da bakance

A 1632, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, sojojin Suwidin suka shiga Bavariya, annobar da ƙuma da ɓeraye ke yaɗawa ta biyo sawun yaƙi. Oberammergau ya sa masu gadi a mashigansa. Labarin da garin ke bayarwa shi ne, wani ɗan ƙodago mai suna Kaspar Schisler, da ke aiki a Eschenlohe, ya sulale ta cikin tsauni ya shigo gida don bikin coci, ya shigo da cutar. Mutum tamanin da 'yan kai suka mutu. A 1633 dattawan da ke riƙe da garin, waɗanda ake kira Shida da Sha Biyu, suka yi bakance a gaban gicciyen coci cewa za su riƙa yin wasan wahalar Almasihu duk shekara goma in Allah ya ɗauke musu annobar. Aka ce daga ranar ba wanda cutar ta sake kashewa. A lokacin Fentikos na 1634, bikin da Kirista ke yi mako bakwai bayan Ista, aka yi wasan farko, a maƙabarta, kusa da sababbin kaburbura.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Labarin Schisler ya fito ne daga wani kundin tarihin gari da aka rubuta kusan shekara ɗari bayan faruwar abin, kuma littafin mamata na cocin ya nuna mace-macen sun kai ƙololuwa a Maris na 1633, sun ja baya sosai kafin ƙarshen shekarar. Wato dai annobar ta riga ta fara lafawa. Na biyu, kuma shi ne ya fi tasiri ga abin da ya biyo baya: shugabannin gari ne suka ɗauki alkawarin a madadin jama'a. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan a kan ƙauyen aka ɗora shi, ba a kan bishop ba.

Irin wannan wasa ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Garuruwa da yawa a Bavariya da Tirol suna yi. Abin tambaya shi ne yadda wannan ya tsira alhali galibin sauran sun mutu. A 1680 aka mayar da shi shekarun da ke ƙarewa da sifili. A 1770 gwamnatin Bavariya ta haramta wasannin gaba ɗaya, don masu mulki da manyan malaman coci suna ganin sun zama holewa da wasa da abu mai tsarki. Suna da hujja: a tsofaffin rubutun, shaiɗanu sukan fito su farke cikin Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu, su cinye kayan cikinsa, 'yan kallo suna dariya. A shekarar ba a yi wasa a Oberammergau ba. Amma garin bai daina aika wakilai Munich ba, ya tace rubutun, ya canja masa suna, ya samu izni na musamman a 1780. Da aka sake hanawa a 1810, sai suka kawo sabon rubutu na wani malamin Ettal, Othmar Weis, wanda ya kori shaiɗanun daga dandamali, aka yi wasa a 1811. Malamin makarantar ƙauyen, Rochus Dedler, ya tsara kiɗa da waƙoƙin da har yau su ne ginshiƙi. Daga baya limamin garin, Joseph Alois Daisenberger, ya sake gyara rubutun don wasan 1860, kuma nasa ne ya yi sama da shekara ɗari ana amfani da shi kusan yadda yake. Garin ya tsira ne don ya iya sassauci a duk lokacin da wuƙa ta zo wuya, ko da yake 'yan garin sun fi son a ce ba su taɓa canja komai ba.

Sauran labarin na bunƙasa ne. A 1830 aka fitar da dandamali daga maƙabarta zuwa filin da gidan wasan yake yanzu. Sarki Ludwig na Biyu ya kalla a 1871, ya aiko da kyautar wani ƙaton gicciye na dutse da aka kafa a 1875. Kamfanin yawon buɗe ido na Thomas Cook ya fara kwaso Turawan Ingila, jirgin ƙasa ya iso garin a 1900, a shekarar kuma aka buɗe rumfar 'yan kallo mai bakunan ƙarfe shida, wadda yanzu ke ɗaukar mutum kusan 4,400.

Yadda ake haɗa wasa ɗaya

Aikin yakan fara kusan shekara biyar kafin ranar buɗewa, lokacin da majalisar gari, mai kansiloli ashirin da magajin gari, ta zaɓi darakta da mataimakinsa da shugaban kiɗa da mai tsara dandamali da tufafi. Su ma dole su kasance 'yan gari. Christian Stückl ne ya ja ragamar wasannin 1990 da 2000 da 2010 da 2022, kuma tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka fara ba shi.

Daga nan sai rajista. Duk wanda ya cika sharaɗi ya kuma nuna sha'awa, dole a sama masa gurbi, ko a cikin taron jama'a, ko ƙungiyar mawaƙa, ko makaɗa, ko ɗinki, ko tsaron ƙofa. Darakta ba shi da ikon cewa mutane sun yi yawa. Wannan ne ya sa fitowar shiga Urushalima take ɗauke da ɗaruruwan mutane a dandamali a lokaci guda, daga jarirai a hannu har tsofaffi masu sanda.

Kimanin shekara ɗaya da rabi kafin buɗewa, a watan Oktoba, gari yakan taru a sabunta bakancen, sannan a bayyana waɗanda suka samu manyan matsayi. Darakta ke kawo sunaye, majalisa ta amince a zaman sirri, sai a rubuta su ɗaya bayan ɗaya da alli a kan allo a ƙofar gidan wasa, jama'a suna tsaye suna kallo. Manyan matsayin kusan ashirin ne, kuma kowanne mutum biyu ake ba wa, suna karɓa-karɓa. Dalilin a fili yake: babu muryar da za ta jure wasa 110 a sarari, kuma in ɗaya ya kwanta ciwo ba za a mayar da baƙi dubu huɗu gida ba. A 2022, da korona ta riƙa kama 'yan wasa, wannan tsari ne ya ceci kakar. Wannan rana ta allo tana haifar da gabar da kan daɗe, domin akwai gidajen da kaka da uba suka riƙe babban matsayi, suna ganin gado ne.

Sai dokar gashi, a Larabar Toka, ranar da Kirista ke fara azumin da ke gabanin Ista, ta shekarar da ake ce wa baɗi wasa, kimanin wata goma sha biyar kafin buɗewa. Ba a amfani da gashin kanti ko gemun liƙawa, domin wasan rabinsa da rana ake yi a fili, ga ruwan sama da iska. Masu fitowa a sojan Romawa an ɗauke musu, tunda Romawa masu aske fuska ne, shi ya sa wanda aikinsa bai yarda da gemu ba yakan nemi wannan gurbi. Kafin a fara gwaji, manyan 'yan wasa sukan yi tafiya tare zuwa Isra'ila su ga wuraren da labarin ya faru. Gwajin kansa yakan fara a farkon hunturu, da daddare bayan an tashi daga aiki, a dandamalin da ba shi da rufi, wani lokaci ƙanƙara tana zuba. A ɗakunan ɗinki kuwa ana haɗa tufafi kusan dubu biyu, da yadin da aka sayo har daga Indiya.

Ana wasa kwana biyar a mako, ban da Litinin da Laraba, daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Oktoba. Kashi na farko daga ƙarfe 2:30 na rana zuwa 5:00, a yi hutun awa uku, kashi na biyu daga 8:00 zuwa 10:30 na dare. Daga tsakiyar Agusta, da rana ta fara gajarta, sai a riƙa fara komai awa ɗaya kafin waɗannan lokutan. Tsakanin fitowa da fitowa akwai hotuna masu rai guda goma sha biyu: 'yan wasa su sandare kamar gumaka suna nuna wani labari na Tsohon Alkawari, kamar Musa da ɗan maraƙin zinariya ko Daniyel a ramin zakuna, mawaƙa sama da sittin suna rerawa, makaɗa sama da hamsin suna ƙarƙashin dandamali. Akwai jaki da dawaki da raƙuma da tumaki da awaki da tattabaru. A 2019 wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta nemi a sauke mai fitowa a Yesu daga kan jaki a ba shi babur ɗin lantarki; gari ya yi dariya, ya ci gaba da jakinsa. Mai fitowa a Yesu yakan yi kusan minti ashirin a kan gicciye, da ɗamarar masu hawan dutse a ɓoye ƙarƙashin ɗan zanen ƙugunsa, kuma a daren Mayu ko Oktoba sanyin tsauni ne babban abokin gabarsa.

Wahalar da ba a gani ita ce ta yau da kullum. Wata biyar mutum yana neman izni a wurin aiki, ɗalibi yana jinkirta zangon karatu, mai otal yana sanye da rigar manzo da ƙarfe huɗu, da ƙarfe biyar yana raba abinci. Ciyar da mutum dubu huɗu cikin awa uku a ƙauye irin wannan aiki ne na kansa, shi ya sa ake sayar da kaso mai yawa na tikiti a haɗe da masauki da abincin dare, a rarraba baƙi tun kafin su iso. Ana biyan 'yan wasa alawus gwargwadon matsayi, amma ga mai babban albashi ba lallai ya rufe abin da ya rasa ba.

Wane ne ɗan gari

Sharaɗin fitowa shi ne a haife ka a garin, ko ka shekara ashirin kana zaune a ciki. Yara kawai aka ɗauke wa; duk yaron da ke zaune a garin yana iya shiga, har da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba, in ji Hausawa, amma a nan raɓar takan kai shekara ashirin ba ta bushe ba. An kawo shawarar rage wa'adin zuwa sha biyar, majalisa ta ƙi.

Kafin 1990 macen da ta yi aure ko ta wuce shekara 35 ba ta da hurumin fitowa, alhali namiji ko da jikoki yana fitowa. Akwai matan da suka riƙa ɗage aurensu don kada su rasa matsayin Maryamu. Wasu matan garin suka kai ƙara, kuma a 1990 babbar kotun harkokin mulki ta Bavariya ta ba su gaskiya. A nan mallakar wasan ta yi aikinta: da na coci ne, da an ce ai ƙa'idar addini ce, amma tunda na hukumar gari ne, tilas ya bi tsarin mulkin ƙasa da ya daidaita mace da namiji. A wannan shekara ce kuma ɗan Furotesta ya fara samun babban matsayi, abin da ya jawo takardun koke daga masu ra'ayin riƙau. Daga 2000 aka buɗe ƙofa ga waɗanda suka fita daga coci da kuma Musulmi.

Musulmin garin galibi zuriyar Turkawa ne da suka zo aiki. Abdullah Kenan Karaca, wanda ya fara fitowa yana yaro a 2000, shi ne mataimakin darakta a 2022, ya kuma fito a Nikodimu, ɗaya daga manyan Yahudawa da ya goyi bayan Yesu. Cengiz Görür ya fito a Yahuza. Wannan batu ne da Musulmi da yawa ba za su aminta da shi ba, tunda Alƙur'ani ya kore gicciye Annabi Isa, kuma malamai ba su yarda da kwaikwayon annabawa ba. Ta fuskar ƙauyen kuwa lissafin daban ne: yaron da aka hana shi dandamali a garin da kusan rabin jama'a suke kai, an gaya masa ke nan shi ba ɗan gari ba ne.

In majalisa ta kasa raba gardama, sai a koma ga jama'a. Tun 1995 dokar Bavariya ta ba mazauna gari damar tilasta ƙuri'ar raba gardama; a gari mai ƙasa da mutum 10,000 ana buƙatar sa hannun kashi 10 cikin ɗari na masu zaɓe. Oberammergau bai yi wata-wata ba. A 1996 ƙuri'a ce ta ba Stückl wasan 2000. A 2007 ƙuri'a ce ta amince a mayar da kashi na biyu zuwa dare, don gicciyen ya faɗo cikin duhu, duk da adawar masu otal da gidajen abinci da ke tsoron baƙi za su kwana a kujerar wasa maimakon su kashe kuɗi.

Tabon da ya fi wuyar gogewa

Rubutun Daisenberger ya ɗora alhakin kisan Yesu a kan Yahudawa a dunƙule: malamansu da huluna masu ƙaho, 'yan kasuwarsu mayun kuɗi, Bilatus gwamnan Romawa kuwa mutumin kirki da aka matsa wa. Hitler ya kalli wasan a 1930 da 1934, ya yabe shi daidai saboda wannan, kuma da yawa daga manyan 'yan wasan lokacin sun shiga jam'iyyarsa. An soke wasan 1940 saboda yaƙi. Da aka dawo a 1950, da tsohon rubutun aka dawo, kamar ba a kashe Yahudawa miliyan shida a tsakani ba.

A 1965 babban taron Cocin Katolika a Vatican ya fitar da matsayar cewa ba za a ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya laifin mutuwar Yesu ba. Ƙauyen ya yi kunnen uwar shegu, har ƙungiyoyin Yahudawan Amurka suka yi kiran ƙaurace wa wasan 1970. A nan mallakar gari ta zama cikas: fadar Vatican ta canja, amma ba ta da ikon tilasta wa kansiloli. A 1977 aka gwada komawa ga rubutun Ferdinand Rosner na 1750, wanda ya ɗora laifin a kan Shaiɗan da zunubin ɗan Adam. Masu sharhi suka yaba, 'yan gari suka ƙi, zaɓen 1978 ya kawo majalisar da ta mayar da Daisenberger.

Gyara na gaske ya zo ne daga 1990, kaɗan-kaɗan, tare da shawarar malaman Yahudawa da na Kirista. Aka cire ƙahonin. A 2000 aka goge layin nan na Linjilar Matiyu 27:25, inda taro ke cewa jininsa yana wuyansu da na 'ya'yansu. Aka mayar da Yesu Bayahude a fili: ana kiransa Rabbi, yana ɗaga naɗaɗɗen littafin Attaura, yana addu'a da Ibrananci. Bilatus ya koma azzalumin gwamnan mamaya, taron da ke gabansa kuma ya rabu, wasu na neman a kashe, wasu na neman a saki. A 2021 aka ba Stückl lambar Buber-Rosenzweig ta fahimtar juna tsakanin Kirista da Yahudawa. Gyaran ya yi kyau, amma jinkirinsa na shekara arba'in da 'yan kai bayan yaƙi ba abin alfahari ba ne.

Kuɗi, da shekaru tara na tsakani

Tikitin 2022 ya kama daga Yuro 30 zuwa 180. Kuɗin shiri kuwa, na gyaran gini da tufafi da albashi da talla, ana kashe su ne shekaru kafin a sayar da kujera ta ƙarshe, don haka hukumar gari takan ci bashi da sunan ribar da ba ta zo ba. In ribar ta shigo, dole ta ɗauki garin shekara goma. Kuskuren da aka sha yi shi ne gina abin da ginin sa sau ɗaya ne amma ciyar da shi kullum ne. Katafaren wurin ninƙaya da aka gina a shekarun 1970 ya zama misali: kuɗin wasa ya gina shi, gibin tafiyar da shi ya riƙa cin kasafin kowace shekara. Garin ya shiga wasan 2010 da bashi mai nauyi a wuya.

Haɗari na biyu shi ne dogaro da kaka ɗaya. A ranar 19 ga Maris na 2020, saura wata biyu a buɗe, aka ɗage wasan zuwa 2022 saboda korona, aka shiga mayar da kuɗin tikiti. An taɓa ɗagewa daga 1920 zuwa 1922 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma wannan karon wasan da annoba ta haifa ne annoba ta tsayar. Aka sake shelar dokar gashi a Fabrairun 2021, aka ɗan sassauta ta gemu don takunkumi ya zauna a fuska.

Shi cocin kansa ba ya cin ribar wasan kai tsaye. Kuɗinsa daga harajin coci yake: a Bavariya duk wanda ke rajista a matsayin ɗan Katolika ko Furotesta ana ƙara masa kashi 8 cikin ɗari a kan harajin kuɗin shigarsa, wato mai biyan Yuro 5,000 zai ƙara 400. Kuɗin yana tafiya ofishin bishop, daga can a rabo wa yankuna. Wanda ba ya so sai ya je ofishin rajista ya sa hannu ya fita, kuma a 2022 kaɗai sama da mutum 520,000 suka bar Cocin Katolika a Jamus. Limamai sun yi ƙaranci, har limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da dama. Matsayin cocin a wasan yanzu na uban biki ne: Akbishop na Munich yakan turo masanin tauhidi mai ba da shawara, ana buɗe kaka da addu'ar haɗin gwiwa ta Katolika da Furotesta. Da yawa daga masu rera waƙoƙin Dedler a dandamali ba a ganinsu a coci ranar Lahadi.

Abin da ke riƙe garin a shekarun tsakani ƙungiyoyi ne: 'yan kwana-kwana na sa kai, 'yan badujala, masu kayan gargajiya, ƙungiyoyin mawaƙa na yara da manya. Gari yana zuba kuɗi a koyar da yara kiɗa da waƙa, don mai goge da za a buƙata a wasa mai zuwa yau yake aji uku na firamare. Ana kuma yin wasu wasanni da rani a gidan wasan, inda darakta ke gane matasan da za su iya ɗaukar babban matsayi. Sassaƙa ta ja baya saboda kayan inji masu araha, ko da yake makarantar koyon sassaƙa ta jiha tana nan. Makarantar horar da jami'an NATO da ke tsohon barikin soja tana kawo baƙi duk shekara, haka masu zuwa ganin gidajen da aka yi wa zane a bango da fadar Linderhof da ke kusa.

An rufe wasan da ya wuce a ranar 2 ga Oktoba na 2022, masu aski suka yi cinikin da suka daɗe ba su yi ba. Na gaba a 2030 ne, kuma in an bi al'ada, dokar gashi za ta faɗo a Larabar Toka, 14 ga Fabrairu na 2029. In ba a taɓa sharaɗin shekara ashirin ba, wanda ya tare a garin a 2011 zai kalli wannan wasa daga kujerar baƙi, ya jira 2040.